Casio fx-991ES Plus a hannun ɗalibin kalkulas

Zango biyu ke nan ina amfani da wannan kalkuleta, amma ban san darajarta sosai ba sai da aka ba mu aikin gida a kan integiral na tan⁻¹x daga 0 zuwa 1, wato lissafin girman filin da ke ƙarƙashin layin tan⁻¹x a jikin giraf tsakanin waɗannan iyakoki biyu.

Da hannu na fara, kamar yadda malaminmu ya koya mana. Na kasa shi kashi biyu, u ya zama tan⁻¹x, dv ya zama dx, na samu x tan⁻¹x − ½ ln(1 + x²). Da na sa iyakokin biyu sai ya fito π/4 − ½ ln 2. Zuciyata ba ta kwanta ba, don alamar ragewa ta sha ɓace mini a irin wannan aiki. Sai na jawo kalkuletar, na danna maɓallin integiral, SHIFT da tan, ALPHA da bakan rufewa don X, na cike 0 da 1. A nan ta burge ni: allonta na nuna lissafin tamkar yadda yake a littafi, iyaka ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa.

Ta ba ni 25.14. Gabana ya faɗi.

Da na nutsu sai na ga ba zai yiwu ba. Tsakanin 0 da 1, tan⁻¹x ba ya wuce π/4, wato kusan 0.785, faɗin filin kuma 1 ne kacal, to ina 25 za ta fito? Ashe ƙaramin harafin D ne a saman allo, tana auna kusurwa da digiri tun darasin da ya gabata, alhali wannan lissafi da radiyan ake yin sa, ɗaya ma'aunin kusurwar. Na danna SHIFT, MODE, 4, ta koma radiyan, na sake bugawa: 0.4388. Na buga π/4 − ½ ln 2 daban, shi ma 0.4388. Wallahi na ji sanyi a raina.

Wanda zai saya ya sani, kimantawa take yi da lambobi, don haka lamba za ta ba ka, π da ln 2 ba za su fito ba, balle matakan aiki. Malami kuwa matakan yake ba wa maki. Ni don tantance amsa nake riƙe ta, kuma a wannan ta biya ni kuɗina. Ga hasken rana ga batiri, ko an ɗauke wuta ina aikina da fitila. Ƙanwata za ta shiga aji ɗaya a jami'a bana, irinta zan saya mata.