Kwana a Deira ko a Tsibirin Yas: Yadda Muka Ga Masaukai Biyu a Tafiyarmu da Yara

Bayan da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta sake buɗe wa 'yan Najeriya ƙofar biza a watan Yulin 2024, ni da maigidana muka ɗauko maganar da muka daɗe da ajiyewa, wato alkawarin da muka yi wa yara cewa za mu kai su manyan wuraren wasanni na can. Mu shida ne: ni da shi, da yaranmu uku masu shekara 12 da 8 da 3, sai mahaifiyarsa wadda take zaune tare da mu a Gwarinpa da ke Abuja, kuma take fama da ciwon gwiwa. Muka bar shirin a hannun wani kamfanin shirya tafiye-tafiye da ke Wuse II, muka tafi a dogon hutun makaranta na watan Agusta. Abin da zan yi magana a kansa shi ne masaukai biyun da kamfanin ya kama mana, domin a cikin dukkan kuɗin da muka kashe, babu wanda ya sauya mana yanayin tafiyar kamar kuɗin wurin kwana.

Tsarin farko da ma'aikacin kamfanin ya gabatar mana shi ne kwana bakwai cif a unguwar Deira da ke cikin birnin Dubai, a riƙa ɗauko mota tana kai mu wuraren wasa tana dawo da mu. Ya ce mini, "Hajiya, mutanenmu duk can suke sauka, ga kasuwa kusa, ga abinci, kuma kuɗin ɗakin bai kai na cikin wurin wasa ba." Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar ɗan kasuwar da ya je saro kaya ce, wanda ba ya tafe da goyo ko tsohuwa. Da na matsa da tambaya, sai ya kawo tsari na biyu, kwana huɗu a Deira da kwana uku a wani otal da ke Tsibirin Yas a Abu Dabi, wanda kuɗin ɗakinsa ya haɗa da tikitin shiga wurin wasa. Maigida ya ɗan yi jim da ya ga bambancin kuɗin, daga ƙarshe dai muka ɗauki na biyun.

Masaukinmu na Deira gida ne irin wanda ake bayarwa haya da kayansa, ɗaki biyu da falo da kicin da injin wanki, kuma ba ni da abin da zan kushe a tsabtarsa ko a yadda ma'aikatansa suka karɓe mu. Na tafi da garin tuwo da kuka da daddawa da yaji, saboda Hajiya, wato surukata, ba ta iya kwana biyu a jere ba ta ci tuwo ba, kuma a nan na gane darajar kicin a ƙasar da ba taka ba. Da safe in dafa shayi in soya ƙwai, da dare in tuƙa tuwo, abin da muka kashe a kan abinci a kwana huɗun nan bai taka kara ya karya ba. Kasuwar gwal da shagunan Naif ba su da nisa, masallatai kuwa ko'ina ka juya akwai su, har Hausa kakan ji ana yi a bakin shagunan atamfa da turare. Ga wanda ya je sayayya, ban ga wurin da ya fi nan dacewa ba.

A rana ta uku muka gwada zuwa wurin wasa daga can. Mun nufi rukunin Dubai Parks and Resorts da ke yankin Jebel Ali, wanda aka buɗe a 2016, inda Legoland da Motiongate suke. Nisansa daga Deira ya yi kamar daga Abuja zuwa Keffi, tafiyar kusan awa guda a kan titin Sheikh Zayed idan hanya ta yi sauƙi. Da yake mu shida ne, ƙaramar tasi ba ta ɗauke mu, sai babbar mota, kuma kuɗinta zuwa da dawowa kaɗai ya cinye wani kaso mai kauri na rarar da muke ganin mun samu a kuɗin ɗaki. Wurin ya yi kyau, yara sun yi murna, ba ni da ƙorafi a kansa. Matsalar daga wajenmu take, domin mun saba da irin fitar Abuja, inda za ka kai yara Magicland ko Millennium Park bayan la'asar ku dawo gida kafin isha'i, alhali wannan wuni ne cikakke na tafiya a ƙafa da tsayuwa a layi, a watan da zafi yake haura digiri 40.

Wajen ƙarfe biyu na rana autanmu ya fara kukan barci, ya ƙi keken da muke tura shi a ciki, ya ƙi hannun kowa sai nawa. Hajiya ta samu benci a wani wuri mai sanyi ta zauna, ta cire takalminta ɗaya tana matsa gwiwa da tafin hannu, ba ta ce komai ba, amma fuskarta ta nuna. Da na ce, "Hajiya, ko mu koma gida ne?" sai ta dubi manyan yaran biyu da ke tsaye a layin wani lilo ta ce, "A'a, 'yar nan, ku bar su su yi wasansu, don su aka zo." Babu yadda za a yi wasu su tafi wasu su zauna, saboda mota ɗaya ce kuma gidan yana can nesa. Muka daure har zuwa ƙarfe huɗu, sannan muka tattara gaba ɗaya, manyan yaran suna ɓata rai don ba su gama ba, ƙaramin da kakarsa kuwa sun riga sun galabaita. Mun biya tikitin wuni guda na mutum shida, mun ci moriyar abin da bai wuce rabinsa ba, muka kuma faɗa cunkoson yamma a hanyar dawowa.

Washegarin kwana na huɗu muka koma Tsibirin Yas, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi daga Deira. A wannan tsibiri ne ake tseren motocin Formula 1 tun 2009, kuma manyan wuraren wasa huɗu ne a kansa: Ferrari World da aka buɗe a 2010, da Yas Waterworld a 2013, da Warner Bros. World a 2018, sai SeaWorld a 2023. Uku daga cikinsu a rufe suke ruf da na'urar sanyaya wuri, na ruwan ne kawai yake a fili, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya je da bazarar can. Akwai motocin bas na kyauta da ake kira Yas Express, suna zagayawa tsakanin otal-otal da wuraren wasan da babban kantin Yas Mall, wanda yake haɗe da Ferrari World.

Abin da kuɗin otal ɗin nan ya saya mana, wanda ban taɓa tunaninsa ba kafin mu je, shi ne damar rabuwa gida biyu. Ranar da muka shiga Warner Bros. World, mun karya kumallo a natse, muka hau bas, cikin 'yan mintuna muna bakin ƙofa. Da azahar ta yi, bayan mun yi salla a ɗakin sallar da ke cikin wurin, sai na ɗauki auta da Hajiya muka koma otal, maigida ya zauna da manyan biyun har aka kusa tashi. Hajiya ta shafa maganinta ta miƙe a gado, yaron ya yi barcin awa biyu da rabi, ni ma na samu na runtsa. Babu wanda aka tauye wa wasa, babu wanda aka tilasta wa haƙuri. Bayan magariba muka sake haɗuwa muka tafi Yas Mall cin abinci, Hajiya da kanta take tambayar jikokinta abin da suka hau. Ranar SeaWorld kuwa ita ce ta ƙi a tafi da wuri, ta daɗe a zaune gaban wani ƙaton gilashi tana kallon kifaye suna wucewa ta saman kanta tana tasbihi, domin ta san in ta gaji gado yana kusa.

Ta fuskar kuɗi, lissafin bai tsaya yadda ya bayyana a takardar farko ba. Kuɗin kwana a otal ɗin tsibirin ya kusa ninka na Deira sau biyu, amma a cikinsa akwai karin kumallo da tikitin shiga wuri ɗaya a kowace rana ga kowane mutum da aka rubuta sunansa a ɗakin, sannan babu kuɗin mota ko kaɗan. Da na zauna na haɗa kuɗin ɗakin Deira da tikiti shida da babbar mota zuwa da dawowa, sai na ga tazarar ta ragu ƙwarai a ranakun da ake shiga wasa. A ranar da ba za a shiga ko'ina ba kuwa, kwana a can asara ce, domin kana biyan kusanci da abin da ba ka amfana da shi. Ya kamata kuma mai tafiya ya tuna cewa dirhami, kuɗin ƙasar, a ɗaure yake da dalar Amurka, kusan dirhami 3.67 a kan dala ɗaya, saboda haka duk lokacin da naira ta faɗi a kan dala, kuɗin masaukin ya tashi ke nan a aljihunmu, kuma wanda ya biya tun daga gida ya huta da wannan fargaba.

Otal ɗin yana da nasa naƙasu, kuma wasu daga ciki sun ɓata mini rai. Ba a yarda mutum shida su kwana a ɗaki ɗaya, don haka ɗaki biyu muka kama, kuma kamfanin ya tabbatar mana cewa masu ƙofa a tsakani ne. Da muka isa sai aka ce wannan roƙo ne aka shigar, ba alkawari ba, aka ba mu ɗakuna biyu da dogon baranda a tsakaninsu. Daren farko Hajiya ta kwana da babbar 'yata a can nesa da mu, ni kuwa sau biyu ina fita cikin dare in duba su. Sai washegari da rana aka sauya mana, bayan maigida ya koma wajen masu karɓar baƙi har sau uku. Haka kuma an riƙe wani kuɗin ajiya a katin bankinsa ranar da muka shiga, wanda ba wanda ya gaya mana da shi tun a Abuja, kuma sai da muka yi kwanaki da dawowa gida kafin ya dawo cikin asusun.

Abinci shi ne babban abin da ya ci mana kuɗi a tsibirin. Babu kicin, sai butar dafa ruwa da ƙaramin firji, don haka abincin rana da na dare duk saye ne, a farashin wurin 'yan yawon buɗe ido. Na ga Hajiya tana juya shinkafa da cokali tana ci don kada a ce ba ta ci ba, sai da na fito da yajin da na ɓoye a jaka sannan abincin ya shiga. Wanki ma da kuɗi ake yi, ana ƙirga kowace riga, shi ya sa na gode wa Allah da na wanke komai a injin Deira kafin mu taso. Wanda ya samu masauki mai kicin a kan tsibirin ko dab da shi, ina ganin ya haɗa amfanin biyu, kuma shi zan fara nema in Allah ya sake kai mu.

Game da kamfanin na Wuse II, sun yi ƙoƙari wajen biza da tikitin jirgi, motar da za ta ɗauke mu ba ta taɓa makara ba, kuma duk lokacin da na aika saƙo ta WhatsApp ana amsa mini ko da dare ne. Inda suka gaza shi ne ba su tambayi shekarun yaran ko lafiyar Hajiya ba kafin su tsara mana masauki, alhali a kan waɗannan abubuwa biyu ne zaɓin ya rataya. Sun kuma yanko mana tikitin dawowa daga Dubai, ga shi kuwa filin jirgin saman Abu Dabi yana kusa da Tsibirin Yas, don haka a ranar ƙarshe sai da muka tashe yara tun kafin asuba muka sake yin tafiyar awa ɗaya da rabi. Na faɗa musu wannan da na dawo, ma'aikacin ya saurara ya rubuta, ya ce, "In sha Allahu za mu gyara, Hajiya."

Iyalin da yaransu duk sun yi wayo, kuma wurin wasa ɗaya kawai suke son shiga a cikin mako guda, su zauna a cikin gari su yi tafiyar yini ɗaya, ba za su yi nadama ba. Amma wanda yake tafe da yaron da bai wuce shekara biyar ba, ko da dattijo, ko mai juna biyu, kuma yana son shiga wurare biyu ko uku, ina ba shi shawara ya ware wa waɗannan ranaku kwana a kusa da wurin, ya bar ragowar kwanakin ga masauki mai arha da kicin. Kafin ya biya, ya sa a rubuta masa a takarda ko tikitin ya shafi kowa da kowa a ɗakin, ko ɗakunan a haɗe suke, da nawa za a riƙe a katinsa. Ya kuma auna tsawon yaransa tun a gida, domin da tsawo ake barin yaro ya hau manyan lilo, ba da shekaru ba, kuma ɗanmu na tsakiya sai a bakin layi ya san cewa akwai waɗanda bai isa hawa ba tukuna.