Agogon nan mai ƙirga taku, a saya ko kwalliya ce kawai?

Siririn agogon nan mai madaurin roba da ake haɗawa da waya, wanda ke ƙirga taku da bugun zuciya, shi nake nufi, ba manyan nan masu kama da waya a hannu ba. Na jima ina ɗaure da shi, kuma ra'ayina dai a saya, amma fa mutum ya san lambar da zai yarda da ita, don wallahi ba duk abin da yake nunawa ne abin kamawa ba.

Ƙirga taku shi ne aikin da ya fi iyawa. A cikinsa akwai wata 'yar na'ura mai jin motsi, ita ba ƙafarka take gani ba, lilon hannunka take ji sai ta lissafa shi a matsayin taku, shi ya sa in kana tafiya hannunka na cikin aljihu ko kana tura wani abu sai ya rage maka, in kuma kana wanki ko kana cikin mota a hanya mai gargada sai ka ga ya yi maka kyautar taku kana zaune. Ni abin da nake yi, ina ɗaura shi a hannun da ban cika aiki da shi ba, sannan ban damu da ainihin lambar ba, na yau nake gwadawa da na jiya. A nan kam ya biya ni, don ranar da na wuni a zaune ba ya rufa min asiri ko kaɗan, kuma yana da wata 'yar girgiza da yake yi in ka daɗe ba ka motsa ba, da farko haushi take ba ni, yanzu kuwa ita ke tashe ni daga kujera.

Sai maganar taku 10,000 da kusan dukkansu ke zuwa da shi a saite. Mutane da yawa sun ɗauka umarnin likitoci ne, alhali asalinsa talla ce, wani kamfani a Japan ne ya fitar da na'urar ƙirga taku a 1965, bayan gasar Olamfik ta Tokyo ta 1964, ya sa mata suna da wannan adadin, shi kenan lamba ta bi duniya. Wani bincike da masana a Harvard suka fitar a 2019 kan mata tsofaffi ya nuna amfanin ya fara bayyana tun daga wajen taku 4,400 a rana, yana ƙaruwa har wajen 7,500 sannan ya daidaita. Ita kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da mintoci take magana, minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici ga babba, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2. Don haka in ka saya, shiga manhajar ka sauke adadin zuwa wanda za ka iya cikawa, daga baya ka riƙa ɗagawa, ya fi ka riƙa kwana kullum da takaicin ba ka kai ba har ka gaji ka cire shi ka jefa a durowa, don da yawa haka nasu ya ƙare.

Bugun zuciya ma ba laifi. Koren hasken nan da ke walƙiya a bayansa shi ke aikin, jini yana shanye koren haske, to da yadda hasken ke dawowa yake gane bugun. In kana zaune ko kana tafiya yana kamawa sosai, amma da ka fara gudu da ƙarfi ko ɗaga ƙarfe, ga gumi ga agogo na zamewa, sai ya rikice ko ya yi jinkiri. Ka matsar da shi sama da ƙashin wuyan hannu kaɗan ka ɗan tsuke madaurin, yana gyaruwa. Lambar da na fi dubawa ita ce bugun lokacin hutu, wanda ga yawancin manya yake tsakanin 60 zuwa 100 a minti, in ka dage da motsa jiki za ka ga yana sauka a hankali, wannan ya fi min komai daɗin gani.

Kalori kuwa, wato ma'aunin kuzarin da jiki ya ƙona, don Allah ka kau da kai. A 2017 masu bincike a jami'ar Stanford sun gwada irin waɗannan na'urori guda 7, a bugun zuciya yawancinsu sun yi kyau, amma a kalori wadda ta fi kusa da daidai ma kuskurenta ya kai kashi 27 cikin 100, mafi muni kashi 93. Kiyasi ne kawai daga nauyinka da tsayinka da shekarunka da motsinka da bugun zuciyarka, kar ka ga ya ce ka ƙona kalori kaza ka je ka rama a kwano. Lissafin barci ma haka, lokacin kwanciya da tashi yana kusantowa, amma rabe-raben nan na barci mai nauyi da mara nauyi ban ba su muhimmanci ba.

Batir yana jimawa in ba ka kunna komai da komai ba, kashe auna zuciya na kowane minti da saƙonnin da ba ka buƙata, za ka manta rabonka da caji. Da yawa daga ƙananan ba su da GPS nasu, sai ka fita da waya kafin su zana maka hanyar da ka bi, mai gudu ya duba wannan kafin ya biya kuɗi. In an rubuta 5 ATM a jikin agogon, wato alamar jure ruwa, ruwan sama da iyo ba matsala, ruwan zafi da sabulu ne ba a so. Madaurin robar kuma yana tara gumi, in ba ka cirewa ka wanke ka busar da wurin, ƙaiƙayi da ƙuraje za su biyo baya.

Wanda ke atisaye na gaske yana son bugun zuciya daidai, madaurin ƙirji ya fi masa. Mai ciwon zuciya ko hawan jini kuma kar ya mai da shi likita, musamman waɗanda ke cewa suna auna hawan jini ba tare da abin matse damtse ba, na'urar asibiti daban take. Amma wanda aikinsa na zama ne yana neman abin da zai riƙa zungurarsa ya tashi, ƙaramin ma ya ishe shi, ba sai ya kai ga babba ba.