Kirifto, fili, gwal ko dala: ina ya kamata ka zuba ɗan abin da ka tara?

Tun da Notcoin, wasan dangwalar waya da ake tara maki, ya fashe a watan Mayun 2024, wato makin ya zama kuɗi, garin nan na Kano ya rikice da maganar kirifto, kuɗin intanet, a majalisa ita ce, a cikin adaidaita ita ce, har matan aure a gida an koma dangwalar waya ba dare ba rana. Sai Hamster, wani wasan irinsa, ya zo a watan Satumba ya watsa wa jama'a ƙasa a ido, mutum ya yi wata da watanni yana dangwale ya tashi da abin da ko kuɗin datar da ya ƙona bai kai ba. To shi mainin, wato wannan dangwalar, daban ne, lokacinka da datarka ka sa, in ya fashe ka dace in bai fashe ba sai haƙuri. Ni da mai kuɗi a hannu nake magana, wanda ya tara dubu 500 ko miliyan 2 ko 5 da guminsa, yana ta saƙe-saƙe ko ya sayi koyin ɗin kirifto ko kuma ya bi hanyar da ya taso ya ga ana bi, wato fili da gwal da hatsi da dala.

Kowa ya san abin da ya koro mutane daga ajiyar naira. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta yi ta hawa, zuwa Fabrairun 2024 ta doshi 1,900 a hannun 'yan canji kafin ta ɗan sauko. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. Saboda haka duk wanda ya zo yana ce maka kadararsa ta ninka a 'yan shekarun nan, ka fara tambayarsa da wane ma'auni ya auna, don sau da yawa ba kadarar ce ta tashi ba, nairar ce ta zube. Ka auna da dala ko da buhun shinkafa, nan za ka ga gaskiyar ribar.

Bitcoin dai tun 2009 yake, kuma an tsara shi yadda ba zai taɓa wuce guda miliyan 21 ba, babu gwamnan babban bankin da zai wayi gari ya ce a ƙaro, wannan ita ce babbar hujjar masoyansa kuma hujja ce mai ƙarfi. Amma ka dubi tafiyarsa. Ƙarshen 2017 ya kusa dala 20,000, shekara guda bayan nan ya dawo 3,000 da 'yan kai. Nuwamban 2021 ya taɓa 69,000, Nuwamban 2022 lokacin da kamfanin cinikin kirifto na FTX ya rushe ya gangaro wajen 16,000, sai a Disambar 2024 ya haye 100,000. Wanda ya sa dala 1,000 a tsakiyar hayaniyar 2021, lokacin da kowa yake cewa a shiga a shiga, bayan shekara ɗaya abin da zai gani a wayarsa wajen dala 230 ne. In yana da zuciyar da zai riƙe har ƙarshen 2024 za ta koma kamar 1,450. Abin dariyar shi ne gwal a daidai wannan tsakanin ya tashi daga wajen dala 1,800 kowane oza zuwa sama da 2,600, kusan riba ɗaya kenan, kuma ita mai sarƙar gwal barcinta take yi har da minshari. Eh, wanda ya saya a 16,000 ya ninka sau shida, gaskiya ne, sai dai a lokacin nan mutum nawa ne suke da ƙarfin halin saye? Yawancinmu sai abu ya yi tsada ana ta sa hotunan riba a Facebook sannan muke shiga.

Kuma wannan Bitcoin kenan, babbansu. Ƙananan koyin ɗin da ake ƙirƙira kullum ana cewa wannan zai yi sau ɗari, yawancinsu faɗuwar da ba tashi suke yi. Wata koyin mai suna Luna tana cikin manya goma a duniya, a Mayun 2022 cikin 'yan kwanaki ta koma kusan sifili.

Gwal kuwa ni a wajena har yanzu shi ne ajiyar da ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi, musamman mata, don ana iya saye kaɗan-kaɗan, yau 'yan kunne gobe zobe, kuma ranar da buƙata ta taso a yini ɗaya ya zama kuɗi. Ya haye dala 3,000 a Maris ɗin 2025, ya haye 4,000 a Oktoba. Amma Hajiya ki kula, farashin da aka sayar miki ba shi za a saya a hannunki ba. In kika kai sarƙa wajen 'yan gwal a Kasuwar Rimi, zai goga ta a dutse ya ɗiga ruwan gwaji, ya ɗora a ƙaramin sikeli, duk duwatsun adon nan masu ƙyalli da aka auna miki a matsayin gwal ranar saye yau zai ce a cire nauyinsu, kuɗin ƙira ma ya tafi. Don haka in ajiya kike nufi ba kwalliya ba, ki nemi mara duwatsu mara tarkace, ki tambayi karat nawa ne, 18 ko 21 ko 22, a rubuta miki giram da karat a rasit. Sauran matsalarsa ɓarawo ne, da 'yar'uwa mai zuwa aro za ta biki.

Sai maganar USDT, wanda shi ma kirifto ne amma tamkar dala ce a waya, kamfanin Tether ya ɗaure shi da dala ɗaya, ba ya ninkawa ba ya komai, in naira ta faɗi ka tsira in naira ta farfaɗo ka yi asara, daidai da wanda ya je Wapa ya sayo 'yan ɗari-ɗari ya sa a durowa. Waɗanda suka saya a 1,800 a farkon 2024 sun ga haka da idonsu. Fifikonsa a kan ta takarda shi ne ba jabu, ba wanda zai ce maka wannan tsohuwar bugawa ce sai an rage, kuma ƙarfe biyun dare ma za ka iya sayarwa. Rauninsa a wajen P2P yake, wato cinikin mutum da mutum ta manhaja. Ka sa talla, wani da ba ka sani ba ya turo maka naira, ka ga alat ka sakar masa koyin, bayan kwana biyu ka je cire kuɗi a POS a ce asusunka a rufe yake, ashe kuɗin da aka turo na damfara ne an bi sawunsu har kanka. Wani kuma alat ɗin ƙarya zai turo yana ta kiranka wai Alhaji dan Allah ka saki sauri nake. Kar ka saki sai ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna, kuma sunan wanda ya turo ya zama shi ne sunan da ke kan cinikin, in ya bambanta ka mayar masa da abinsa.

Fili fa? Shi ne sarki a zuciyar Bakano, kuma ba a banza ba, duk wanda ya riƙe fili a Rijiyar Zaki ko Danbare tun ana ce musu bayan gari ya san abin da ya samu. Ba ya faɗuwa rabi a dare ɗaya, ba a yi masa kutse ta waya. Amma a daina cewa fili ba ya cin mutum. Na farko ba ya sayuwa ranar da kake so, in aka kwantar maka da mara lafiya a asibitin Malam yau, filinka na Janguza ba zai biya kuɗin aiki gobe ba, kuma da dillalai sun shinshino a matse kake shikenan sai tayin wulaƙanci, ga la'ada a kai. Na biyu takarda. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, kai izinin amfani kake da shi, kuma rusau ɗin da aka yi a garin nan a Yunin 2023 ya nuna ko mai takarda yana iya kwana da shago ya tashi babu, balle awon igiya da hujjarka ita ce sa hannun mai unguwa da shaidu biyu. Ga filin gado da ɗa ɗaya zai sayar ba da sanin sauran ba, ga fili ɗaya a sayar wa mutum uku. Kafin ka biya ka je KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye a Kano, a duba, ka tambayi maƙwabtan filin ba dillali ba, in ka saya kuma ka zuba ko bulo ɗari ne ka kewaye. Na uku, dubu 500 yanzu ba ta sayen fili a inda mutane suke, wannan ma kaɗai ya fitar da da yawa daga layin.

Hatsi ba zan daɗe a kansa ba. Saye da kaka a Dawanau a sayar da bazara sana'a ce ta waɗanda suka iya, akwai kuɗin sito, akwai ƙwari, kuma waɗanda suka tara da tsada suna jiran ya ƙara tashi sun sha kashi a 2025 da farashi ya karye. Ga kuma maganar ɓoye abinci lokacin da talaka yake kuka, wadda ko ba hukuma ai akwai Allah.

Abin da mutanenmu suka fi mantawa da shi shi ne sukuk da hannun jari. Sukuk ɗin gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci, an fara shi a 2017 da naira biliyan 100, na shekara 7, wancan na farko an biya haya kashi 16.47 a shekara, da dubu 10 ma an shiga kuma babu kuɗin ruwa. Lafiya lau ne ga mai son kwanciyar hankali, sai dai naira ce, in hauhawar farashi ta fi abin da ake ba ka to a zahiri baya kake ci. Hannun jari kuma, irin na Dangote Cement ko BUA ko MTN da ta sayar wa jama'a a naira 169 a ƙarshen 2021, aƙalla akwai kamfani a ƙasa yana aiki yana raba riba, abin da Bitcoin ba ya yi, shi ribarka kawai wani ya zo ya saya sama da yadda ka saya. Amma shi ma ka tambayi waɗanda faɗuwar kasuwar hannun jari ta 2008 ta rutsa da su.

Yanzu ga inda aka fi yanka mutane, kuma ba kirifton ne yake yanka su ba. Duk wanda ya ce kawo kuɗinka mu juya maka a tiredin, wato saye da sayar da koyin, duk wata ga kaza tabbas, ka kawo mutum uku a ƙara maka, wannan MMM ce ta 2016 ta canza riga. Wata manhaja mai suna CBEX ta yi haka, ta ce kuɗi zai ninka a kwana 30, a Afrilun 2025 ta rufe da dukiyar jama'a. Shi kuma tiredin ɗin fiyuca, wato cinikin hasashen inda farashi zai nufa, da ake ara maka ninki 20 na kuɗinka, kasuwa ta motsa kashi 5 kacal ta inda ba ka so an share kuɗinka tas, kuma ko malaman da suka halatta saye da riƙewa yawanci ba su yarda da wannan ba. Asalin hukuncin kirifton ma akwai saɓani, Muftin Masar ya haramta, majalisar shari'a ta hukumar kasuwar hannun jarin Malesiya ta halatta a 2020, don haka ka zauna da malamin da ka yarda da shi wanda kuma ya fahimci yadda abin yake aiki.

Ta fuskar doka abin ya sassauta amma ba tabbas. CBN ta hana bankuna taɓa harkar a Fabrairun 2021, ta janye a Disambar 2023, wata biyu bayan nan aka tsare jami'an kamfanin cinikin kirifto na Binance biyu a Abuja har kamfanin ya daina hulɗa da naira. A Agustan 2024 hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta ba manhajojin cinikin kirifto Busha da Quidax amincewar farko, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta sa kadarorin dijital ƙarƙashin kulawarta. Duk da haka ka sani, in banki ya mutu NDIC, hukumar inshorar ajiyar banki, tana biyan har miliyan 5, in manhajar kirifto ta mutu babu ofishin da za ka je ka yi layi. Manhajar Bybit ma da girmanta an kwashe mata wajen dala biliyan 1.5 a Fabrairun 2025, Allah ya sa ta iya cike ramin.

To in ni za ka tambaya, kirifto ba ajiyar farko ba ce. Kuɗin haya, kuɗin makarantar yara, jarin shago, kuɗin lefe, kuɗin adashin mutane, ko kusa kar su je. Wanda zai buƙaci kuɗinsa cikin shekara ɗaya ya tsaya a gwal ko dala. Mai miliyoyin da zai iya mantawa da su shekara biyar ya nemi fili mai takarda. In an yi wannan akwai saura, to a sa kashi ɗaya cikin goma a Bitcoin, a riƙa saye kaɗan-kaɗan duk wata maimakon a zuba gaba ɗaya rana guda, kuma ya zama kuɗin da in ya koma kwata ba za ka fara yi wa iyali faɗa ba gaira ba dalili.

Sai abu ɗaya da ba a cika faɗa ba, gado. Fili ko ba ka faɗa ba unguwa ta sani, gwal yana cikin akwati za a gani, amma walet, wato lalitar kirifto, mabuɗinsa kalmomin sirri 12 ne ko 24, in ka rasu da su a kanka ko alƙali bai isa ya fito da ko sisi ba, haƙƙin marayu ya tafi kenan. Ka rubuta su da biro a takarda, ban da ɗaukar hoto, ban da tura wa kanka a WhatsApp, ka ajiye inda kake ajiye takardun gida, sannan mutum ɗaya da ka amince da shi ya san akwai su da sunan manhajar da kake amfani da ita. Duk wanda ya kira ka ya ce shi ma'aikacin kamfani ne ka karanto masa su zai gyara maka matsala, kashe wayarka kawai.