Ɗan guntun dutsen Murchison da na yi oda, ga ra'ayina

Masu tambaya ko ya dace su sayi guntayen dutsen sama ɗin nan da ake tallawa a intanet cikin ɗan akwati mai murfin gilashi, nawa na Murchison ne kuma na ji daɗinsa sosai, amma fa akwai magana.

Kar hoton talla ya ruɗe ku, abin bai fi kan ashana ba. Baƙi ne wuluk ga saurin marmashewa, har ɗan gari-gari na gani a gefen audugar da aka kwantar da shi. Sai da na ɗora masa gilashin ƙara girma na haska fitilar waya ta gefe sannan ɗigo-ɗigo farare da masu ruwan toka suka fito a cikin baƙin, wallahi na daɗe ina kallo.

Darajarsa tana ga abin da ke cikinsa. Dutsen ya faɗo ne ranar 28 ga Satumba 1969 kusa da garin Murchison a jihar Victoria ta Ostireliya, aka tsince kusan kilo 100, waɗanda suka tsinta suka ce wari yake kamar sipirit, kuma da masana suka bincika sai ga amino asid, wato sinadaran da ake gina furotin da irinsu a jikin halittu, iri sama da 70 a ciki, da yawansu ma halittun duniya ba sa amfani da su. A 2020 aka gano wasu ƙwayoyin ƙura a jikinsa sun kai shekara biliyan 7, kenan sun girmi rana kanta.

Inda raina ya ɓaci shi ne katin da mai sayarwar ya haɗo, wai hujjar akwai rayuwa a sararin samaniya. Haba! Sinadarai masu kabon daban, rai daban. Irin waɗannan suna haɗuwa ne a kan ƙurar sama mai lulluɓe da ƙanƙara idan hasken taurari ya buge ta, wasu kuma a cikin babban dutsen da wannan ya ɓalle daga jikinsa, lokacin da ruwa ya ratsa shi. Wannan kaɗai ai ya isa abin mamaki, to meye na ƙarin gishiri? Yaro ya karanta katin nan ya tafi da karatun banza. Kuma ko kalma babu kan cewa dutsen da ya taɓa ƙasa ya riga ya cakuɗu da dattin duniya, wanda yana cikin dalilan da suka sa Japan ta tura kumbon Hayabusa2 har wani dutse da ke yawo a sararin samaniya mai suna Ryugu ya dawo da giram 5.4 kacal a rufe a 2020, daga baya aka samu uracil a ciki, wani sinadari da ke cikin ƙwayoyin halitta.

In za ku saya kar ku buɗe murfin, kar ku taɓa da yatsa, ku nisanta shi da laima. Sannan tun kafin ku biya ku sa mai kayan ya faɗa muku nauyinsa a miligiram da hannun da ya fito, don nawa takardar sunan dutsen kawai ta ɗauko.