Man haɗin amare da na saya a Gujungu

Ranar wata Lahadi na saye shi a kasuwar Gujungu, a hannun wata mai kayan kwalliya. Robar ba suna, ba lambar NAFDAC. Ta ce haɗinta ne na amare, naira 4,000. Abin da ya kai ni teburinta magana ɗaya ce da gwaggon angon ta yi ranar da suka kawo kayan sa rana: "Yarinyar ba laifi, sai dai baƙa ce." Ina ƙuryar ɗaki na ji. Tun ina ƙarama nake jin ana cewa farar mace lantarkin gida, fara ko mayya ce, amma ran nan ne maganar ta tsaya mini a ƙirji.

Man yana aiki, ba zan ɓoye ba. Sati biyu fuskata ta washe, ƙawaye suka fara "Amarya, me kike shafawa?" Daɗin tambayar nan ya sa na ƙaro roba ta biyu.

A wata na uku gaɓoɓin yatsuna suka yi baƙi ƙirin, korayen jijiyoyi suka fito a damtsena, ga nankarwa a cinya alhali ban taɓa haihuwa ba. In na je ɗiban ruwa da rana, kumatuna su yi ta raɗaɗi kamar an watsa barkono. Na daina na kwana huɗu, ƙuraje suka feso, na fi da duhu. Ina kuka na koma shafawa.

Ma'aikaciyar asibitin garinmu tana ganin hannuna ta gane. Ta ce irin wannan haɗin ana zuba masa clobetasol mai sa fata ta yi siriri, da hydroquinone wanda doka ta hana ya wuce kashi 2 cikin ɗari a man shafawa, wani har da zaiba mai lalata ƙoda. Ashe tun 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan, mu a ƙauye ana sayar mana a faranti.

Fata dai tana warkewa a hankali. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda na tsani fuskata. Madubin ɗakina na kifa shi. Na sa niƙabi, Allah ya sani ba don ibada ba, don kunya ne. Lalle nake ƙunsawa ba fashi saboda ya rufe yatsun. Suna biyu aka yi a dangi ban je ba. Mijina da bakinsa ya ce, "Ni fa baƙar na gani na ce ina so," amma har yau in an yaba wata fara a gabana sai gabana ya faɗi.

Ba na ba kowa shawarar wannan man, ko kyauta ne. Shekaranjiya ƙanwata, 'yar shekara 14, ta raɗa mini, "Yaya, in akwai ragowa ki sam mini." A gabanta na jefa robar a masai, sannan na wanke hannu na nuna mata yatsuna ɗaya bayan ɗaya.