Masu zagayawa da baƙi a Juba: akwai tsada, amma ɗan rakiyar ya san aikinsa

Mutane da dama sun tambaye ni ko ya kamata wanda harka ta kai shi Juba, babban birnin Sudan ta Kudu, ya biya kuɗi a zagaya da shi gari, ko dai ya zauna a otal ya gama abin da ya kai shi ya dawo abinsa. To ga abin da na gani. Sunan kamfanin dai ba zan kama ba, saboda akwai inda suka ɓata min rai kuma ba na son a ce na zo ɓata wa mutane kasuwa, ƙaramin kamfani ne, mota ɗaya da direba da ɗan rakiya, ta WhatsApp ake yin komai da su.

Bari in fara da kuɗi tunda nan ne mutanenmu suke fara tambaya. Akwai tsada wallahi. Da dala suke karɓa, kuma sabuwa fil, in takardar ta ɗan yage ko ta yi datti sai a miƙo maka abarka ba ko kunya. Ba laifinsu ba ne su kaɗai, haka garin yake, kusan komai daga Uganda da Kenya ake shigo da shi ta hanyar Nimule, to ka ga dole kaya su yi tsada. Amma duk da haka abin da aka caje ni na wuni guda ya isa mutum ya yi zagaye mai kyau a Alƙahira har ya ci ya sha ya rage canji. Sannan motar ba ta zo a kan lokaci ba, na shirya tun da hantsi ina zaune a harabar otal har rana ta fara zafi, da suka iso kuma iyakwandishan ɗin iska mai ɗumi kawai yake hurawa, ga Juba da zafi. Direban ya ce layin mai ne ya riƙe shi. Na yi shiru dai.

Abin da ya hana ni jin haushin kuɗina shi ne ɗan rakiyar. Dattijo ne, tsohon malamin makaranta, ya yi zama a Khartum shekaru kafin a raba ƙasar, da ya ji ina ɗan taɓa Larabcin Sudan saboda can na yi karatu sai ya saki jiki, ya koma ce min ya ustaz, ni kuma ina ce masa ya ammi, tunda ya haife ni. Shi ba irin masu nuna maka gini su ce wannan kaza ne a wuce ba ne. Duk inda muka tsaya sai ya ɗaure wurin da tambaya guda, wai ta yaya wuri yake tashi daga yanki ya zama ƙasa har sauran ƙasashe su yarda da shi. Ni da na ɗauka hoto kawai zan je ɗauka, sai ga ni a aji.

Wurin farko shi ne kabarin John Garang, wanda ya jagoranci yaƙin kudu kuma ya sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Janairun 2005, ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a ƙarshen Yulin shekarar, bai ga ranar da ya yi wa wahala ba. A filin nan aka yi bikin 'yanci ranar 9 ga Yuli 2011, aka sauke tutar Sudan aka ɗaga tasu, Salva Kiir ya sha rantsuwar zama shugaban ƙasa. Ya ammi ya ce shi ma yana cikin taron, a rana, ba ruwa ba inuwa, mutane suna faɗuwa saboda zafi amma ba wanda ya tafi gida. Sai ya tambaye ni, a duk manyan baƙin da suka zo ranar, har da Ban Ki-moon na Majalisar Ɗinkin Duniya, wa ya fi muhimmanci? Na ce ko wakilan Amurka. Ya yi dariya ya ce a'a, Umar al-Bashir ne. Mutumin da suka yi shekaru suna yaƙi da gwamnatinsa, shi ne ya zo da ƙafarsa ya zauna ya yi jawabi. Kuma tun ranar 8 ga wata, wato ana gobe biki, Khartum ta riga ta sanar cewa ta amince da sabuwar ƙasar, ita ce ta farko a duniya.

A ganina nan ne kan zancen gaba ɗaya, kuma ya fitar da shi fili yadda ban taɓa jin wani ya yi ba. Abin kamar matar da mijinta ya rubuta mata takardar saki da hannunsa ne, tana gama idda manema za su fito ba fargaba, amma wadda ta fito da yaji tana cewa ita ta gama aure alhali mijin yana cewa matarsa ce, ko tana da gaskiya ba mai kusantarta. Sudan ta Kudu da takardarta ta fito. Yarjejeniyar 2005 ce ta tanadi ƙuri'ar raba gardama, aka yi ta a Janairun 2011, kashi 98.83 cikin ɗari suka zaɓi rabuwa, Khartum ta karɓi sakamakon. Daga nan komai gudu ya riƙa yi. Ranar 13 ga Yuli Kwamitin Sulhu ya ba da shawarar a karɓe su, washegari 14 ga wata babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince, suka zama ƙasa ta 193, kwana biyar kacal bayan biki. Kafin watan ya ƙare Tarayyar Afirka ta karɓe su a matsayin ta 54.

Ya bayyana min ƙa'idar ma a saukake. Kafin ƙasa ta samu kujera a majalisar sai ta samu ƙuri'a tara cikin sha biyar a Kwamitin Sulhu, kuma kada ko ɗaya daga cikin manyan nan biyar ta hau kujerar naƙi, sannan a babban zaure a samu kashi biyu bisa uku. Shi ya sa Kosovo da ta ayyana 'yanci tun Fabrairun 2008, ƙasashe wajen ɗari suka amince da ita, har yau ba ta da kujera, don Sabiya ba ta yarda ba kuma Rasha tana bayanta. Somaliland kuwa tun 1991 take da gwamnatinta da kuɗinta da sojojinta, tana zaɓe shugaba ya sauka wani ya hau, amma ta shafe sama da shekara 30 ba ƙasar da ta ce ta san da zamanta, saboda Mogadishu ba ta sake ta ba. Da ya tuna daga Najeriya nake sai ya ce ai ku ma kun san wannan karatun, Biyafara a 1967, ƙasashe biyar ne kawai suka amince da ita, Tanzaniya da Gabon da Kwaddibuwa da Zambiya da Haiti. Na yi mamakin yadda ya jero su da ka. Ya ce tun taron Alƙahira na 1964 shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ba za a taɓa iyakokin da aka gada daga Turawa ba, to duk wanda ya ɓalle ba da yardar uwar ƙasa ba ya san da wa yake yi. Eritiriya ma a 1993 sai da Adis Ababa ta yarda kafin ta wuce.

Maganar hoto kuma, a kula da kyau. A kabarin nan da gadoji da duk wani ginin gwamnati ko inda sojoji suke, kada ka kuskura ka ɗaga waya sai ɗan rakiya ya ce maka to. Kamfanin ba su gaya min wannan ba tun a WhatsApp, hotunan da suke tallata kansu da su ma na wuraren da ba a bari a ɗauka ne, wannan kam ba daidai ba ne. Ni dai na dawo da hotunan kogi da na kasuwa, shi ke nan.

Daga nan muka bi ta wajen Tongping inda ofisoshin jakadanci da na ƙungiyoyin agaji suka yi yawa, katanga mai tsawo, waya mai ƙaya, fararen motocin majalisar ɗinkin duniya suna ta kai da kawo. A nan ya nuna min cewa amincewa daban, ƙulla hulɗa daban. Ƙasa tana iya fitar da sanarwa ta ce mun amince da ku, shi ke nan ta yi shiru. Ƙulla hulɗa kuwa sai an zauna an yarda, a turo sunan jakada ku ce kun karɓe shi, ya zo ya miƙa takardunsa na kama aiki ga shugaban ƙasa, sannan ya zama jakada na gaske. Wasu ƙasashen da ma suna da ƙananan ofisoshi a Juba tun lokacin yarjejeniya, kamar Amurka, ranar 'yanci kawai aka ɗaga darajar ofishin ya zama cikakken ofishin jakadanci. Wasu kuwa har yau jakadansu yana zaune ne a Nairobi ko Adis Ababa ko Kampala, yana leƙowa lokaci lokaci, don buɗe ofishi kuɗi ne. Su ma 'yan kudun haka suka sha fama, ga sabuwar ƙasa tana son ofisoshi a ko'ina ga ba ƙwararrun ma'aikata isassu, ga kuɗin haya a biranen Turai.

Inda na fi jin daɗi shi ne kasuwar Konyo Konyo, ba don kasuwar ba, don kasuwa ce irin wadda muka sani, cunkoso da ƙura da 'yan acaɓa da su suke kira boda boda. Muna zaune wurin mai shayi ya ciro takardar fam ɗinsu mai hoton Garang ya ajiye, ya ciro wayarsa ya nuna min lambar da ta fara da +211, ya ce ka ga waɗannan biyun, su ne amincewar da talaka yake taɓawa da hannu. Kafin rabuwa +249 ta Sudan suke amfani da ita, sai da hukumar sadarwa ta duniya ta ba su tasu. Kuɗin kuma kwana tara bayan biki aka fitar da shi, sai ita ma Khartum ta yi sauri ta canza nata, aka bar mutanen kudu da tarin tsofaffin takardu a hannu. Asusun Ba da Lamuni da Bankin Duniya sai Afrilun 2012 suka shiga, FIFA a Mayun 2012, kwamitin Olamfik kuwa sai 2015, shi ya sa a gasar Landan ta 2012 ɗan gudun fanfalaƙinsu Guor Marial a ƙarƙashin tutar Olamfik ya yi gudu, ƙasarsa tana da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya a New York amma ba ta da tuta a fili. Kuma har a gasar Faris ta 2024, kafin wasan ƙwallon kwandonsu da Puerto Rico, taken Sudan aka fara sa musu bisa kuskure. Yana ba ni wannan labarin yana dariya amma ka ga abin ya ci masa rai, shekara goma sha uku bayan 'yanci. Ya ƙara da cewa sun dai ci wasan.

Abincin rana da aka ce yana cikin kuɗin bai taka kara ya karya ba. Kisra da miya da ɗan kifin kogi, a wani wuri bakin Nilu, kifin ya yi daɗi amma ɗan tsurut ne, ruwan sha ma sai da na biya daban. Wanda yake kula da halal ya faɗa musu tun da wuri, akwai Musulmi da masallatai a garin kuma wuraren cin abincin 'yan Sudan suna nan, sai dai in ba ka yi magana ba inda suka saba kai Turawa za su kai ka.

Inda nake ganin ya ammi ya gaza, kuma na gane dalilinsa, shi ne duk abin da ya faru bayan 2013. Ya yi min bayanin rikicin mai sosai, yadda akasarin rijiyoyin suke kudu amma bututun ya bi ta arewa zuwa Port Sudan, har a Janairun 2012 Juba ta rufe haƙar man gaba ɗaya saboda rigimar kuɗin wucewa, ga yankin Abyei na kan iyaka da har yau ba a san na wa ba ne. Duk wanda laifin na Khartum ne bakinsa a buɗe yake. Amma da na kawo maganar yaƙin basasar da ya ɓarke a Disambar 2013 tsakanin ɓangaren Salva Kiir da na Riek Machar, da zaɓen da ake ta ɗagawa har yau ba a taɓa yi ba tun samun 'yanci, sai ya kalli direba ya kalli titi ya ce ya ustaz mu je ka ga sabuwar gada. Muka je kuwa, gadar da Japan ta gina aka buɗe a 2022, mai kyau ce ba laifi. Ban matsa masa ba, shi zai kwana a garin ba ni ba. Amma wanda zai biya wannan kuɗin ya sani rabin labarin zai ji, daɗin rabin, ragowar sai ya nema da kansa. Kuma ragowar ce take nuna cewa kujerar New York da aka samu cikin kwana biyar ba ta biya albashin malamin makaranta ba, shi kansa abin da ya sa ya bar aji ya koma rakiyar baƙi ke nan.

In za ka ɗauke su, ka tabbatar bizarka da katin rigakafin shawara suna hannu, kuma ka tambaye su ko za su taimaka maka da rajistar fasfo a ofishin shige da fice da ake yi cikin kwanakin farko na isowa, ni sun yi min wannan ba tare da ƙarin kuɗi ba kuma ya rage min wahala sosai. Ka duba labaran tsaro kafin ka sayi tikiti don al'amura a can suna juyawa ba sanarwa, kuma a gama zagaye kafin magariba. Tauraro uku da rabi cikin biyar nake ba su, ukun na dattijon nan ne. Ku yi ciniki a rubuce tun kafin a kunna mota, a faɗi ko mai da ruwa suna ciki, sannan ka ce lallai ɗan rakiya mai shekaru kake so, wanda yake da wayo a 2011, don na ga wani matashi na wani kamfanin yana karanta wa baƙinsa tarihin daga waya.