SpanishDict ce ta warware min rigimar voy da fui a shagon Kawu

Wata bakwai kenan da na zo Malabo a Ikwatoriyal Gini wajen Kawuna, yana da shagon yadi, shadda da atamfa da leshi, kuma tun ranar da na sauka ya ce min ɗana, Pichi, gurɓataccen Turancin da ake yi a garin, zai kai ka kasuwa amma ba zai kai ka ofis ba, in zama ka zo yi sai ka koyi Sifaniyanci. Ikwatoriyal Gini ai Sifaniya ce ta mulke ta har 1968, harshen ya zauna daram, takardun kwastan da rasit da makaranta da labaran rediyo duk da shi ake yi. Toh na sa kai. Sunayen kaya da lissafi ban sha wuya ba, cikin sati uku ina faɗin farashi da sefa ba gargada. Aikatau ne ya tsaya min a wuya.

Mu a Hausa kaga aikatau zaune yake abinsa, ɗan ƙaramin abin da ke gabansa ne yake ɗaukar lokaci, na tafi, zan tafi, nakan tafi, ka tafi, sun tafi, tafi ɗin yana nan bai motsa ba. Su kuma a wutsiyar aikatau suke rataya komai, wanda ya yi da lokacin da ya yi. Wannan ma da sauƙi tunda kashi uku ne, masu ƙarewa da ar da er da ir, ka haddace hablar da comer da vivir ka samu awo. Matsalar ita ce akwai masu taurin kai da ba wutsiya kaɗai suke canzawa ba har kan ma cire shi suke yi, kuma wallahi su ne waɗanda ake buƙata kullum a shago, tafiya, kawowa, samu, yi, sani.

Ranar da abin ya dame ni sosai wata dattijuwa ce kwastomar Kawu ta shigo ta tambaye ni ina yake, ya tafi tashar jirgin ruwa ɗauko kaya, na san tafiya ir ce, na san vivir tana komawa vivió, sai na bi awon na ce mata ió al puerto. Ta tsaya tana kallona, ta sake tambaya, na sake faɗa, daga ƙarshe maƙwabcinmu ne ya leƙo ya ce fue al puerto. Fue! Ko harafi ɗaya na ir babu a ciki. Na kwana da abin a raina don lokacin wata biyu ina biyan kuɗin wata manhaja da ba sai na kira sunanta ba, kullum haɗa hoto da kalma take sa ni, bata taɓa shimfiɗa min aikatau ɗaya daga sama har ƙasa na gan shi ba.

Wani yaro da muke sallah tare ne ya nuna min SpanishDict, ƙamusun Sifaniyanci da Turanci, yanzu a shafinsu suna rubuta SpanishDictionary.com amma kowa tsohon sunan yake kira. Kyauta ce, akwai ta a waya akwai ta a intanet. Ka rubuta aikatau ka shiga wajen juye-juyensa, sai ta baje maka shi gaba ɗaya a tebur, mutane a jere ta gefe, lokuta a jere ta sama. Abin da ya saye ni shi ne duk inda aikatau ya kauce wa ƙa'ida da jan launi suke rubuta wajen. Na buɗe ir na ga tebur ya yi jawur, voy vas va vamos vais van, sannan fui fuiste fue fuimos fuisteis fueron, sannan iba ibas iba, shi kuwa lokaci mai zuwa ya zo salin-alin, iré irás irá. A nan hankalina ya kwanta, na gane ashe ba ni ne na kasa ganin ƙa'idar ba, babu ta ne a wajen, haddacewa ake yi. Daga baya na karanta dalili, ir ɗin gamin gambiza ce ta aikatau uku na Latin, ire ya ba da iba da iré, vadere ya ba da voy da vas, shi kuma fui an aro shi daga aikatau na kasancewa, shi ya sa ser da ir suke raba fui fuiste fue tsakaninsu ba bambanci ko ɗigo. Fue al puerto ya tafi tasha, fue barato ya yi araha. In ka ji a da sunan wuri sun biyo baya toh tafiya ce.

Abu na biyu, kuma a wajena ya ma fi na farko amfani, shi ne tana bin sawu ta baya. Kwastoma ba ya zuwa maka da aikatau a yadda yake a ƙamus, cewa zai yi trajiste ko supe ko hizo ya wuce, in ka nemi supe a ƙaramin ƙamus na takarda ba lallai ka same shi ba. Nan ko ka rubuta supe ta ce maka na saber ne, ni ne mai yi, shuɗaɗɗen lokaci. Ka rubuta fui ta kawo maka ir da ser duka biyun. Ka rubuta ve ta nuna maka yana iya zama tafi na umarni yana kuma iya zama yana gani daga ver. Sannan akwai ɗan lasifika da zaka danna ka ji yadda ake furtawa, wannan ba ƙaramin abu bane don hablo ina magana ne, habló ya yi magana ne, inda ka danna murya kawai ya raba su.

Da na yi sati biyu ina kallon jan launin nan sai na fara ganin masu taurin kan ma dangi-dangi suke. Tengo, traigo, hago, pongo, digo, salgo, duk da go suke ƙarewa in ni ne mai yi. Tuve, estuve, anduve gida ɗaya. Puse, pude, supe. Dije da traje su kuma in su ne masu yi suna yar da i, dijeron, trajeron. Tendré, pondré, saldré. Kuma abin da ya fi faranta min rai, a lokacin nan na abin da aka saba yi a da, uku ne kacal basa bin ƙa'ida, era da iba da veía, shikenan. Manhajar tana da darussan nahawu da gwaji na juya aikatau, na ɗan taɓa, amma gaskiya teburin nake komawa kullum, ina ɗaukar hotonsa a waya saboda data, in shago ya yi shiru bayan azahar in kwafe shi a bayan tsohon littafin rasit.

Wanda zai sauke ta ya sani da Turanci take bayani, don haka 'yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi boko da Faransanci teburin zai musu aiki amma bayanin sai an fassara musu, ni nake yi wa biyu daga cikinsu a layinmu. Ta kyauta tana ɗauke da talla, akwai ta biya, ni ban ga buƙata ba tukuna. Kuma kada ka kashe layin vosotros, wato ku, don an ce a Latin Amurka ba a amfani da shi, nan Malabo ina jin sa. In ina so na ƙara tabbatarwa nakan duba ƙamusun Real Academia Española, hukumar harshen da ke Madrid tun 1713, shi ma yana juya aikatau kyauta a intanet, sai dai komai da Sifaniyanci ne.

Makon jiya dattijuwar nan ta dawo neman leshi fari, babu a shago, na ce mata hoy no tengo, se lo traigo mañana, wato yau babu, gobe zan kawo miki, washegari ta zo na ce ya lo traje, na kawo shi, ta biya ta ɗauki ledarta, a bakin ƙofa ta juyo ta ce que te vaya bien. Ban san vaya ba. Tana fita na rubuta shi, sai ga shi na ir ne shi ma, a can ƙasan teburin inda ban kai ba tukuna, wajen fata da addu'a, kamar dai mu ce Allah ya sa a dace. Vaya vayas vaya vayamos, shi nake kwafewa wannan satin.